Injin Tururi a Ranar Suna

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta. In da zafinta ta zo, mu hura.

A Adjamé, bayan gidajen 220 Logements, akwai wani gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya da famfo guda a tsakar gida. A ɗaki na uku daga ƙofa wani Bagobiri yake zaune da matarsa Dije. Goro yake sayarwa a babbar kasuwa, ana ce masa Mijinyawa. Shekara talatin da biyu ke nan da ya baro Tibiri ya sauka Abidjan, kuma in ka zauna kusa da shi rabin sa'a, za ka tashi da zaton ba a kafa gada ko ɗaya a garin ba sai da aka nemi shawararsa. Ba abin da bai iya ba: agogo, keken ɗinki, ciwon baya. Rediyon Dije ma shi ya gyara, shi ya sa har yau ba ta magana sai an kifa ta a kan fuskarta.

Abu guda ne ke ci masa rai. Sunansa na yanka Muhyiddeen. Amma an haife shi a gidan da tsofaffin mata suka yi yawa, kowace ta ɗauke shi sai ta ce ga mijinta, har Mijinyawa ya bi shi, Muhyiddeen ya kwanta a cikin katin shaida bai sake tashi ba. 'Ya'yansa biyar, duk mata. Huɗu sun haifi maza, kowane an sa masa sunan kakansa na wajen uba. Mijinyawa bai da takwara ko ɗaya a duniya.

Ran nan, wata Alhamis, sai autarsa Rahamatu ta haifi ɗa namiji a Treichville. Mijinta Yazid, ɗan Alhaji Abduljalil ne, wani Bakano mai shigo da janareta ta tashar jirgin ruwa. Mijinyawa ya sa babbar riga, ya sa Dije a gaba, suka tafi barka.

Maza suna zaune a ƙofar gida, Alhaji Abduljalil ya ce, "Ranar suna a titi za a kafa rumfa. Zan sa a kawo janareta guda daga shago, saboda lasifika da fankoki."

Yazid ya ce, "To, Baba," yana gyaɗa kai.

Mijinyawa ya dubi wannan gyaɗa kai. A ransa ya ce, yau an gyaɗa wa janareta, gobe a gyaɗa wa suna. In bai nuna wa yaron nan irin surukin da Allah ya ba shi ba, wannan jikan ma ya tafi. Ya yi gyaran murya.

"Alhaji, jariri ɗan kwana bakwai za a tara da hayaƙin fetur?"

"To me za a yi, Malam Mijinyawa?"

"Ku bar mini wutar. Ni zan kawo ta."

"Daga ina?"

"Daga tururi."

Shekaranjiyar ranar ya ga wani bidiyo a wayarsa: wani mutum ya dafa ruwa a tukunya, tururi ya bi bututu ya bugi wata ƙafa mai fikafikai, ƙafar ta juya, ƙwan fitila ya kama. Bidiyon minti uku ne. Ya kalli biyu da rabi, cajin wayar ya ƙare. Bai koma ya ƙarasa ba, don a ganinsa mai basira ba ya bukatar a kai shi har ƙarshe.

Yazid, wanda a Abidjan aka haife shi, Faransanci ya fi zama a bakinsa, ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, wannan fa aikin manyan injiniyoyi ne, dɛ." Wannan "dɛ" ita ce "fa" ta mutanen Abidjan.

"Su injiniyoyin a wajen wa suka koya? Ba a wajen masu tunani ba?"

Alhaji Abduljalil ya yi murmushi cikin gemu. "Allah ya ba da sa'a. Janaretar dai sai a ajiye ta a gefe, ko da..."

"Ko bakin layin kada ta zo, Alhaji. In na ji warin fetur, na koma Adjamé."

A cikin gbaka, ƙaramar motar hayar da ta mayar da su gida, Dije ta matso kusa da kunnensa. "Malam, me na ji mata suna faɗa a cikin gida? Wai kai za ka ba da wuta?"

"Ashe har labari ya bazu?"

"Ya bazu. Gwaggon Yazid sai da aka ba ta ruwa don dariya."

"Dariyar murna ce."

"Haka na ce musu," in ji Dije, ta juya tana kallon titi.

Ranar Juma'a bai buɗe rumfar goro ba. Ya shiga wajen masu tsofaffin ƙarafa, ya dawo da ƙafar keke, da dinamon wata mota da ta daɗe da mutuwa, da tiyo, da waya. Saura fikafikai. Ya zauna ya yi tunani, sai idonsa ya faɗa kan kwandon kwanukan Dije.

Kafin la'asar ba sauran cokali a gidan. Tara na Dije, bakwai na Tanti Akisi mai sayar da aceke, wato dambun rogo, a ɗakin ƙarshe, shida na Kailu mai shayi a ƙofar gida. Kailu Bazabarme ne, kuma kun san tsakanin Bazabarme da Bagobiri ba a gaisawa sai da tsiya. Ya leƙo tsakar gida ya tarar da Mijinyawa yana ɗaure cokula a jikin ƙafar keke.

"Kai Bagobiri, ina cokulana?"

"Suna aikin da ya fi ƙarfin kanka, bawana."

"Tun ɗazu da wuƙar burodi nake juya wa mutane madara!"

"Ka yi haƙuri. In tarihi ya zo rubuta labarin nan, zan ce a sa sunanka a ƙasa, da ƙananan baƙi."

"A sa cokulana a kan teburina, tarihi ya riƙe sunan."

Ranar Asabar aka yi gwaji na farko, da butar shayin Kailu. Duk gidan ya fito. Mijinyawa ya kafa ƙafar keke a kan benci, ya ɗaura mata dinamo, ya rataye ƙwan fitila a igiyar shanya. Ruwa ya tafasa. Wani siririn tururi ya fito daga tiyo, ya shafi cokali guda kamar mai gaishe shi, ya wuce abinsa. Ƙafar keke ko gezau.

Aka jira. Aka ƙara jira.

Mijinyawa ya ɗaga kai sama ya ce, "Kai, wancan jirgin ina za shi?"

Kowa ya dubi sama. Ya sa babban yatsan ƙafa ya tura ƙafar keken. "Ga shi nan! Ya tashi!"

Tanti Akisi ce kaɗai ba ta dubi jirgi ba. Shekara ashirin tana zaune da Hausawa, Hausa ta zauna a bakinta, ko da yake a ɗan karkace. Ta kira shi kawu irin na garin, ta ce, "Tonton Miji, ranar suna ma wannan yatsa zai yi aiki tun safe har yamma? Ka ba shi abinci da kyau, dɛ."

"Tanti, wannan ai ɗumama inji ake yi. Ko jirgin sama sai an tura shi."

"Wane jirgin? Wanda ba mu gani ba?"

Ya gane buta ta yi kaɗan. Ranar Lahadi ya ɗauko tukunyar da Dije ke dafa ruwan wanka, ya rufe ta, ya naɗe murfin da robar tayar keke har ta koma kamar mai ciwon haƙori. Ya hura wuta da gaske. Wannan karon tururi ya zo da fushi. Tiyon ya yi laushi, ya zame daga inda aka ɗaure shi, ya miƙe tsaye kamar kububuwa, ya shiga bulala a tsakar gida. Ya bi kajin Tanti Akisi har ƙarƙashin benci. Ya juyo ya tsige hular Mijinyawa ya aza ta a kan kwanon rufi. Mata suka kwashi yara suka faɗa ɗaki. Da ya gaji da yawo, sai ya kwantar da kai a cikin wani kwando da ke jingine da bango, ya yi ta huci a ciki har wuta ta mutu.

Kwandon nan na farin goro ne, zaɓaɓɓe, wanda Mijinyawa ya ware da hannunsa don rabon suna.

Dije ta ɗaga ganyen da aka rufe shi da shi. Goron ya yi ja, ya yi laushi, yana tiriri kamar dafaffen dankali. Ta ɗauko guda ta miƙa masa.

"Wannan ai sabon salo ne," in ji Mijinyawa. "Tsofaffi nawa ne ke zuwa suna ba su da haƙorin cin goro? Yau an tuna da su."

"To fara ci, Malam. Kai ne babba."

Ya jefa a baki. Ya tauna. Idonsa ya kawo ruwa, wuyansa ya ƙi karɓa, amma jama'a na kallo. Ya haɗiye da ƙyar ya ce, "Daɗi."

Kailu ya ce, "Ga saura ɗari da casa'in da tara, kada ka ji kunya."

Litinin ya tafi neman bututun ƙarfe. Talata ya ɗaura shi, ya matse bakinsa da guduma har ya zama siriri kamar bakin buta. Aka hura wuta. Masu kallo yanzu daga bakin ƙofofinsu suke kallo, kowa da hannu a kan marfin ƙofa.

Tururi ya fito da wani irin fito, ya daki cokali. Ƙafar keke ta motsa. Ta juya. Ta ƙara juyawa, ba yatsan kowa a kusa. Sai gudu. Mijinyawa ya buɗe baki zai yi magana, wani abu ya wuce ta gefen kunnensa, ƙyal! Cokali ne. Na biyu ya sauka a kan kwano, kusa da hularsa da ke can tun Lahadi. Na uku ya nutse a cikin kwanon aceken Tanti. Na huɗu ya tsallake katanga, aka ji wani kwandastan gbaka da ke kiran fasinja a titi ya katse kiransa a tsakiya, ya koma wani yare. Amma kafin cokali na ƙarshe ya tashi, ƙwan fitilar da ke igiyar shanya ya yi ja, ɗan ja kaɗan, kamar kan turaren tsinke, sannan ya mutu.

"Kun gani! Kun gani! Wuta!"

Kailu ya fito daga bayan ganga. "Wallahi na ƙifta ido. A sake."

"Dije, ke kin gani?"

"Na ga cokalin aurena ya tafi Plateau," in ji Dije.

Mijinyawa bai ji ba. Ya bi unguwa ya tsinto abin da ya samu, ya kai wa mai walda, aka liƙe cokula ashirin da ɗaya a jikin ƙafar keke liƙewar har abada. Na ashirin da biyu kwandastan ya ce ba zai bayar ba, shaida ce. Da Tanti Akisi ta ga cokulanta sun zama ƙarfe guda da keke, ta dafa kai ta ce wa kanta, "Yako, Akisi," wato sannu da rashi.

Yanzu matsala ɗaya ta rage. Jan turaren tsinke ba zai ta da lasifika ba. Ana bukatar tukunya babba, da wuta babba. Yana cikin wannan tunani ranar Laraba, sai ga Dije ta jawo tukunyar biki daga ƙarƙashin gado, wadda yaro ɗan shekara biyar zai kwanta a ciki ya miƙe ƙafa, ta jawo madambacinta.

Dije kuwa ba a sunan jikanta ba tare da dambunta ba. Duk Hausawan Adjamé da Treichville sun san wannan, wasu ma dambun ke kai su suna, jaririn a gan shi daga baya. Kwana uku tana tsinke zogale ganye-ganye, ta wanke tsaki, ta soya albasa. In an zo dafawa, sai a aza madambaci, wato tukunya mai ɓuli-ɓuli a gindi, a kan tukunyar ruwa, a naɗe mahaɗarsu da jiƙaƙƙen tsumma, don tururi ya rasa hanya sai ta cikin tsakin.

Mijinyawa ya tsuguna yana kallo, idonsa na sheƙi.

"Dije, duk tururin nan da ke ratsa dambu ya fita ta sama, ina yake zuwa?"

"Inda Allah ya aike shi."

"Asara! Shekara talatin kina zubar da wutar lantarki a sama ba ki sani ba."

Dije ta ajiye abin da ke hannunta. "Malam, ka taɓa rediyona, na yi shiru. Ka kwashe cokulana, na yi shiru. Ka dafa goron suna, na aika aka sayo wani, na yi shiru. In ka kusanci madambacina, shirun ya ƙare."

"Haba Dije. Ni da madambaci? Aikin mata?"

Da ta tafi famfo, ya auna bakin madambacin da taƙi, taƙi uku da yatsa biyu, ya zarce wajen mai walda. Aka samo masa murfi daidai wannan awo, aka huda tsakiyarsa, aka liƙa bututu.

Dije ta wuce Treichville tun yammacin Laraba da kayanta. Alhamis da sassafe Mijinyawa da Kailu suka ɗora inji a bayan akori-kura, suka ratsa Plateau, suka haye gada. Kailu ya ce shi ba don taimako ya zo ba, ya zo ne ya raka cokulansa. Suna sauke kaya a bakin layi, wata mata ta fito da wuƙaƙe biyu ta miƙa wa Mijinyawa ta ce a wasa mata.

"Baiwar Allah, wannan tashar wutar lantarki ce!"

"To in ka gama da wutar, ga su nan," in ji ta, ta ajiye ta tafi.

An kafa rumfa a titi, an jera kujeru. Maza sun cika, fararen shaddoji sun sha guga har suna ƙara in an motsa. Liman yana gaba a kan darduma, Alhaji Abduljalil a damansa, Yazid a hagu. Ga lasifika a kan sanda, ga babbar fanka a tsaye tana fuskantar jama'a, duk suna jiran wuta. A gefen rumfa, daf da ƙofar gida, tukunyar Dije na kan murhu. Dambu ya sha turari na farko, an juye an haɗa shi da zogale da albasa da mai, an mayar turari na biyu. Ƙamshi har bakin titi.

Sai aka leƙo daga cikin gida aka ce Dije ta zo ta ɗaura wa mai jego kallabi. Ta dubi tukunya, ta dubi mijinta. Mijinyawa ya duƙufa yana goge cokali da gefen riga kamar bai san da wata tukunya a duniya ba. Ta shiga.

Labulen bai gama sauka ba ya cire murfinta ya kifa nasa. Ya naɗe da roba sama da ƙasa. Ya aza bulo biyu a kai. Ya saita bakin bututu a kan cokula, ya jona waya, ya tura itace huɗu a murhu lokaci guda.

Kailu ya ɗauki kujerarsa. "Bagobiri, ni zan koma can baya. Rana ta dame ni a nan."

"Rana ko fitowa ba ta gama yi ba."

"Ita nake gudu tun kafin ta fito."

Alhaji Abduljalil ya ɗaga murya cikin ladabi. "Malam Mijinyawa, liman na jira."

"Minti biyu, Alhaji." Ya ɗauko makirfo ya kai baki. "Alo. Alo, alo."

Shiru. Bakin bututu ma shiru, ko numfashi babu. Amma tukunyar ta fara wani gurnani daga can ƙasa, irin na cikin da ya sha tsohuwar fura. Bulo biyun nan suka fara rawa a kan murfi.

Abin da ya faru shi ne, tururi ya ɗago tsakin dambu ya cusa shi a cikin bututu, ya toshe ɗan siririn bakin nan tam. Ruwan wanka ba ya yin haka, shi ya sa ranar Talata ba a gani ba. Mijinyawa ya leƙa, ya ga ɗan koren ganye a bakin bututu. Ya ce, "Af, ɗan wannan ne?" Ya zaro tsinken tsintsiya. Makirfo na hannun hagu, tsinke na hannun dama, ya tsokana.

Fuuuum!

Dambu ya fito kamar an buɗe bakin rijiya. Ya daki cokula, ƙafar keke ta ɗauki gudun da ba ta taɓa yi ba ko lokacin da take keke. Kuma cokali ai cokali ne, aikinsa bai manta ba: kowane ya ɗebi rabonsa ya watsa. Cokali ashirin da ɗaya, kowane yana ɗiba yana jifa, yana dawowa yana ƙari. Dinamo ya yi kuka. Fanka ta farka, ta shiga juya kai dama da hagu, tana raba abin da cokula suka jefo, don kada na gefe su ce an yi son kai. Zogale ya rufe sararin rumfa. Masu shadda suka tashi, wasu suka kifa kujera a ka, wasu suka shige ƙarƙashin tabarma.

A daidai nan lasifika ta samu wuta. Abin da ta fara faɗa, kuma abin da ta ƙare da shi, da ƙarar da aka ji har kasuwar Treichville, shi ne muryar Mijinyawa:

"Wayyo Allah! Dije! Dije, zo ki tsai da shi! Ban ga ƙarshen bidiyon ba!"

Dije ta fito, kallabin mai jego a hannunta. Ba ta yi gudu ba. Ta zare itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki bokitin ruwa ta sheƙa a murhu. Ƙafar keke ta rage gudu, ta rage, cokali na ƙarshe ya ɗebo ɗan abin da ya samu ya ajiye a kan takalmin Alhaji Abduljalil a hankali, ya tsaya.

Rawanin liman ya koma fari mai ɗigon kore. Gemun Alhaji kamar an yi shuka a ciki. Kailu ya taho daga baya tsaf da shi, ko ƙwaya ba ta taɓa shi ba, ya tsinci ɗan dambu a kafaɗar wani ya ɗanɗana.

"Hajiya Dije, gishiri ya ji daidai. Rabon ne dai aka yi da gaggawa."

Wani ya tuntsire, sai rumfa duka ta ɗauka. Liman ma kafaɗunsa na rawa.

Dije ta kwance robar, ta ɗaga murfi. Abin da ya rage a gindin madambaci bai fi tafi biyu ba. Ta dubi mijinta ta ce, "Kwana uku, Malam. Ganye-ganye." Ba ta ƙara ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Mijinyawa ya zauna a kan bulo guda, makirfo a cinya. Ya dubi Yazid yana kakkaɓe wa mahaifinsa riga. Shi ke nan, in ji shi a ransa. Wa zai sa wa ɗansa sunan mutumin da ya yi wa liman wanka da zogale?

Liman ya share fuska ya ce, "Jama'a, a zauna. Muryar da Allah ya ba ni ta isa." Yazid ya sunkuya ya raɗa masa a kunne. Aka yi salati, aka shafa fatiha. Liman ya ce, "Sunan yaro Muhyiddeen. Allah ya raya shi."

Aka ce amin. Sai kuma aka shiga kallon juna. Dangin Alhaji suka tambayi junansu ko akwai mai wannan suna a Kano. Kailu ya ce, "Shekara talatin na san kowane Bagobiri a Adjamé, har da waɗanda ban so sani ba. Babu Muhyiddeen. Wa aka yi wa takwara?"

Mijinyawa kansa sai da sunan ya zaga kunnensa sau biyu kafin ya gane shi.

Dije ce ta amsa daga bakin ƙofa. "Ga shi can zaune a kan bulo, da zogale a kunne."

Mijinyawa ya miƙe a hankali. Ya kama hannun Yazid da hannu biyu. "Yaro... saboda injin ne?"

"A'a, Baba. Tun ranar da aka haife shi aka yi masa huɗuba da sunan, kafin ma ku iso barka. Rahamatu ce ta faɗa mana sunan, Baba Alhaji ya ce a sa."

Alhaji Abduljalil ya tsame albasa daga gemu. "Takwarorina uku, Malam Mijinyawa, in na kira ɗaya duk su taho. Na ce wannan naka ne. Ranar barka na so in gaya maka a gefe, sai ka shiga maganar tururi, na ga ba wurin shiga."

Mijinyawa ya share ido da hannun riga. Ya yi shiru na kusan numfashi uku, wanda Dije ta ce shi ne mafi tsawo tun aurensu. Sannan ya gyara tsayuwa. "Amma dai, Alhaji, ka shaida. Wuta ta kawo."

"Ta kawo. Har da abinci ta taho."

Ana cikin haka sai ga Tanti Akisi ta sauka daga tasi da manyan kwanoni biyu na aceke da soyayyen kifi. Dije ta ce, "Tanti, wa ya aiko ki?" Ta ce, "Ba kowa. Na ga Tonton Miji ya auna tukunyarki da hannu jiya, sai na ƙara rogo." Aka zauna aka ci da hannu, don cokulan duk suna wurin aiki.

Mijinyawa yana tsakiyar jama'a, kowa ya zo sai ya ce masa, "Ka ji sunan? Muhyiddeen. Maimaita in ji." Sai ga Gwaggo Zuwaira, yayar Alhaji, wadda aka ba ruwa don dariya, ta dogaro sanda ta tsaya a bakin ƙofa.

"To, maza, kun yi naku. Saura namu. Rahamatu ba za ta buɗe baki ta kira sunan ubanta a tsakar gida ba, Dije ma ba za ta kira na mijinta ba. Sai an sa wa yaro na kira."

Mijinyawa ya ajiye lomarsa. Ya san wannan hanya. Ta nan tsofaffin Tibiri suka bi da shi.

"Hajiya, a bari mana sunan ya ɗan sha iska tukuna. Ko kuwa a ce masa Amir. Ko Injiniya, in ana son gado."

Gwaggo Zuwaira ta kai hannu ta tsinci ƙwayar tsaki a gefen hularsa, ta duba ta da kyau, ta juya ta yi wa matan cikin gida magana ƙasa-ƙasa. Aka ji dariya ta tashi a ciki kamar an saki tantabaru. Sai guɗa. Sai muryoyi wajen ashirin a haɗe:

"Maidambu! Allah ya raya Maidambu!"

"A'a! Ku tsaya! Dije, ki yi magana!"

Dije tana kankare gindin madambaci. Ba ta ɗago ba. "Sunan ya yi mini," in ji ta.

Yaron yanzu yana gudu da ƙafarsa. In ka je Treichville ka tambayi gidan su Muhyiddeen, za a yi ta tura ka daga layi zuwa layi har ka gaji. Ka ce Maidambu, mai sayar da ruwa ma zai nuna maka ƙofa. Shi kuwa mai rumfar goro a kasuwar Adjamé, Mijinyawan ma an daina, sai Kakan Maidambu. Yana nan yana gaya wa masu saye cewa shi ne mutum na farko da ya ƙera injin da ke raba wa mutum ɗari biyu abinci a minti guda. Madambaci na cikin akwati, makullin na wuyan Dije.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Wanda ya haɗu da kwandastan gbaka mai cokali a aljihu, ya gaya masa na auren Dije ne, har yanzu tana cigiya.